Safa a Kan Ƙararrawar Hayaƙi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi da ke bayan Camberwell, kuma a shekara taran farko ban san ana neman barci ba, shi yake nemana. In na tashi ƙarfe takwas na safe na yi handover na miƙa wa masu aikin rana, sai in shiga bas ɗin da ke tashi daga Peckham ya ratsa Woolwich ya dire ni a Thamesmead, sau da yawa ma direba ne yake zuwa ya bubbuga ƙarfen kujera ya ce an zo ƙarshe. In na hau flat ɗina a hawa na huɗu, wanka, shayi, sai gado. Ko ganga za a kaɗa a kaina ba na motsi sai azahar.

Barcin nan ya ƙaurace mini ne daga ranar da na kori ɗana.

Shi ne ɗan farina, kuma Allah bai ba ni wani bayansa ba. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara. A gidanmu a Kano mace ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko yaron nan. Amma shi yayanmu bai rasa komai ba, domin akwai kaka da ke goya shi, akwai goggo da ke ɓoye masa tsokar nama, gidan cike yake da masu kiran sunansa daga safe har dare. Ni kuwa sai na ɗauko kunyar na taho da ita Landan, na baro masu cike gurbin a can. A flat ɗin nan daga ni sai shi. Kai nake ce masa, ko yaro, in raina ya ɓaci in ce malam. A makaranta in ce my son, a wurin likita in miƙa kati. Yana ɗan shekara goma ya taɓa tambayata da Turanci, wai me ya sa uwayen abokansa suke kiran sunansu ni ba na kiran nasa. Na ce ya rufe mini baki, wannan ai rashin kunya ce. Bai sake tambaya ba.

Yana da shekara ashirin da biyu abin ya faru. Ran nan an yi mana canjin shift na dawo gida da wuri, ban gaya masa ba. Ina buɗe ƙofa na ji gidan ya turnuƙe da turaren wuta, nawa kuma, mai hawi da sandal wanda ƙanwata take haɗa mini ta aiko daga gida, wanda ko ni sai Juma'a nake taɓa shi. Na ga an cusa tawul a ƙarƙashin ƙofar ɗakinsa. Na ɗaga kai na ga an sa wa ƙararrawar hayaƙin da council suka maƙala a silin safa, irin doguwar nan ta 'yan ƙwallo, fara mai ratsin kore. To ni hancina ba a yi masa wayo. A ƙarƙashin sandal ɗin nan na jiyo warin da na sani tun ina yarinya in mun bi ta bayan tashar mota. Wiwi. A gidana, da turarena.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na tuna na tara masa maƙwabta. Shi kuwa yana tsaye ido jawur, yana ta maimaita magana ɗaya da Turanci, wai ba ya iya barci, wata da watanni ke nan ba ya barci.

Na ce, "Barci? Wane aikin ka yi da barci zai gagare ka? Ni da nake kwana ina juya tsofaffi ina wanke musu kashi ban ce barci ya gagare ni ba sai kai? Fita. Kada ka sake taka mini gida."

Ya zuba kayansa a baƙar leda ya fita. Na hau kujera na fizge safar na jefa a durowar kicin inda nake tara batir da roba. Na ce gobe zan canja makulli. Ban canja ba.

Ranar ban runtsa ba, na ce ɓacin rai ne. Mako ya wuce, wata ya wuce. Sai in dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, in kwanta, ido ya ƙeƙashe. Duk abin da ban taɓa ji ba a shekara tara sai ga shi a kunnena: motar shara, injin wankin mutanen sama, yaran firamaren da ke ƙasa in an fito da su tara, maƙwabciyata Bayarabiya da waƙoƙin cocinta. In na samu awa biyu na gode Allah. Babu abin da ban gwada ba. Na sayi labule mai kauri, na manna takardar foil a taga har flat ɗin ya zama abin kallo daga titi. Na sha madara da zuma, na sha habbatus sauda, na yi tofi a ruwa na sha na shafa. Na yi booking wurin GP, likitar unguwarmu, bayan mako uku aka gan ni. Yarinya ce ƙarama mai kirki, ta ba ni ƙwaya ta kwana bakwai da wata takarda da ta ce kada in sha shayi, kada in taɓa waya a gado, in riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum. Ta ce ko zan koma aikin rana? Na dube ta kawai. Sai ka ce rota, jadawalin aikin, a hannuna take.

Shi kuma ɗan nawa na ji labari yana Stratford, suna haya da wasu samari, yana tuƙa motar kai kaya gida-gida. Lambarsa tana wayata. Da Sallah yakan turo saƙo, Barka da Sallah Umma, ni kuma in rubuta Barka. Sau nawa na riƙe wayar nan a gado ina kallon lambar? Amma uwa ta kira ɗa ta ce masa me? Ya dawo? Ai shi ne zai zo ya durƙusa. Haka aka yi mana, haka na sani. Abin da nake yi masa ɗaya ne, bayan kowace sallah in ɗaga hannu in ce Allah Ka shirya shi Ka dawo mini da shi.

A wurin aiki aka fara gani. Na taɓa sa haƙoran robar wani tsoho a kofin wani. Wata asuba ina ba wata tsohuwa porridge gyangyaɗi ya ɗauke ni da cokali a hannu, sai ita ce ta taɓa ni ta ce in je in kwanta. Manaja ta kira ni ofis ta yi mini magana a hankali, irin tasu mai sanyi da ta fi zagi ciwo.

Akwai wata abokiyar aikina 'yar zangon Kumasi, ta girme ni da kaɗan, mace mai ƙiba da dariya. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne, da farko har haushi take ba ni. Wata safiya muna jiran bas ta ce, "Hajiya, idonka ya faɗa. Ba ka kwana ne?"

Na ce, "Hajiya, bari kawai. Na kusa shekara biyu."

Ta duba hagu da dama, ta buɗe jaka ta tura mini wani abu cikin aljihun kot. Da na laluba na ji kamar biro, siriri, mai sanyi. Ta ce vape ne, mai ne a ciki, ba hayaƙi ba toka, in zuƙa sau biyu in kwanta. Na ce man mene ne? Ta yi dariya ta ce man ganye. Na ce wane ganyen? Ta ce, "Haba Hajiya, kai ma ka sani."

Na ce a'uzubillahi, ni? Ni da na kori ɗan cikina a kan wannan? Ta ce ai wannan magani ne, ita shekara guda ke nan tana sha, ga ta nan ba ta haukace ba. Bas ɗinta ya zo ta shige ta bar ni da shi a aljihu. Zan iya jefa shi a kwandon shara, ga shi nan a gabana. Ban jefa ba.

Kwana tara yana cikin jakata. Na san haramun ne, na san doka ta hana, na san in aka kama ni aikin kula da tsofaffi ya ƙare mini ke nan. Duk na sani. Amma wanda bai taɓa kwana uku ido biyu ba kada ya yi mini wa'azi. A rana ta goma, cikin watan Yuni, rana ta fito tun ƙarfe biyar ta ƙi tafiya, na kwanta har sha ɗaya ina jin zuciyata tana bugawa a kunne, sai na tashi na ɗauko shi.

Warinsa kaɗan ne, amma ni ina ji, kuma na tabbata in ina ji Bayarabiyar nan ma za ta ji. Sai na rufe taga. Na kunna gawayi a kasko na zuba turare. Hayaƙi ya fara tashi, na tuna ƙararrawar nan ba ta da haƙuri, in taga a rufe take ko suya ka yi sai ta tara maka jama'a. Na buɗe durowar kicin ina neman abin da zan rufe ta, hannuna ya faɗa kan safar. Na daɗe tsaye da ita. Sannan na jawo kujera na hau na sa mata. Na naɗe tawul na cusa ƙarƙashin ƙofa. Wallahi ban yi tunanin komai ba, hannuna ne kawai yake yi, tsaf kamar wadda aka koya wa.

Na yi barci. Ba zan yi ƙarya ba, na yi barci har la'asar, irin wanda rabona da shi tun yaron yana gida. Sai dai ba barcina na da ba ne. Babu mafarki ko ɗaya, kamar an kashe fitila an kunna, in na farka baki a bushe, kai ya yi nauyi, sai na yi awa guda ina yawo a flat ban san me nake nema ba. Azahar ta koma sai dai in rama.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Tun muna Islamiyya aka gaya mana wanda ya sha abin maye sai ya yi kwana arba'in ba a karɓi sallarsa ba. Ban sani ba ko hukuncin ya hau kan wannan biron, kuma wa zan tambaya? Limamin masallacinmu da matarsa take sayen turaren ƙanwata a hannuna? Ni dai na ɗauka ya hau. To ga ni ina ɗaga hannu ina roƙon a shiryi ɗana daga wiwi, da bakin da ya zuƙe ta da safe. In ce daga yau na daina, in fara ƙirga arba'in. Kwana biyu, kwana uku, ido ya ƙeƙashe, in koma, ƙirga ta dawo farko. Mafi tsawon da na taɓa yi kwana shida ne. Na ji a raina abu ɗayan da nake iya yi wa yaron nan ma na lalata shi.

Zuƙa biyu ta koma huɗu, domin biyun ta daina ɗaukata. Da man ya ƙare 'yar Kumasi ta kawo wani, ta ce mai ba ta na da ya tafi, wannan daga wani ne daban. Na lura ya fi na farko duhu, ɗanɗanonsa ma wani iri. Babu takarda, babu rubutu, ba wanda ya san abin da aka zuba ciki. Na gani sarai, amma na gaji, na kwana uku ina aiki a jere. Wata Talata ce a watan Yuli. Na yi duk abin da na saba, kasko, safa, tawul, na zuƙa na kwanta wajen ƙarfe goma na safe.

Abin da na sani bayan nan shi ne ana girgiza kafaɗata ana cewa, "Umma! Umma!" Na buɗe ido da ƙyar. Taga a wangale, an yage foil ɗin, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ɗana ne a kaina, da rigar aikinsa mai ruwan ɗorawa, waya maƙale a kunne yana gaya wa masu ambulance cewa ta farka, ta buɗe ido, e tana numfashi. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Shekara biyu rabon da in gan shi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ƙarfe takwas na dare ya kamata in karɓi aiki, ban zo ba, ni da ban taɓa makara ba. Suka yi ta kira ban ɗauka ba. Hankalin 'yar Kumasi ya tashi, domin ita ta san abin da ta ba ni, ta matsa wa manaja a kira na kusa da ni. A fom ɗin wurin aiki sunansa ne da lambarsa, ni na rubuta da hannuna tun da ya cika sha takwas, rubutu ai ba faɗa ba ne. Ya baro Stratford da motar aiki, ya buɗe da key ɗinsa. Awa goma sha ɗaya na yi a kwance.

Ya amsa tambayoyinsu ya kashe waya. Ya kawo mini ruwa ya riƙe kofin har na sha. Biron yana nan kan matashi kusa da kaina. Tawul ɗin kuwa ƙofa ta ture shi gefe da ya shigo, kasko ya huce a tsakar ɗaki. Na ga ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya ɗaga kai sama. Shi ba ya bukatar kujera, hannu kawai ya miƙa ya zare safar. Ya juya ta a hannunsa.

Ya ce da karkatacciyar Hausarsa, "Wannan nawa ne."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na jira ya yi faɗa, na jira ya tara mini maƙwabta yadda na tara masa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗauki biron ya ɗaga shi wajen haske, ya ce da Turanci wannan ba ma abin da nake zato ba ne, ana zuba musu komai, mutane suna faɗuwa a kansa. Ya ce shi ya fi shekara da dainawa. Ya sa shi a aljihu. Ya kira wurin aikina ya ce ba ni da lafiya. Ya shiga kicin ya dafa shayi, yana tambayata ina sukari kamar baƙo, alhali yana nan inda yake tun yana yaro.

Da ya ajiye mini kofin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na gaya miki ba na barci, Umma."

Na ce, "Ka gaya mini."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Sauran maganar tana nan a maƙogwarona, ka yi haƙuri, na zalunce ka, dawo gida, amma ta ƙi wucewa. Ya jira. Na ga yana jira. Da ya ga babu, sai ya ce gobe zai yi mini booking wurin GP, in gaya mata gaskiya duka. Ya zaro key daga cikin makullansa ya ajiye kan tebur, ya ce ya san na hana shi shigowa, yau ma don an kira shi ne. Ya ce sai an jima. Na ji ƙofa ta rufe, na ji takunsa a matakala, domin lift ɗinmu ya lalace kamar kullum.

Na zauna ina kallon key ɗin. Shekara biyu yana yawo da shi a aljihu, yau ya ajiye. Na san in ya shiga motar nan shi ke nan, sai dai Barka da Sallah har in mutu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fita baranda ba takalmi ba mayafi, da key ɗin a hannu, na riƙe ƙarfe na leƙa. Yana ƙasa ya kusa kai wa motar. In ce kai? Samari nawa ne a filin nan da za su waiwayo? In ce yaro? Sai na buɗe baki na kira sunansa. Shekara ashirin da huɗu, a ranar ne ya fara fita daga bakina, ya fito a shaƙe kamar na mai mura.

Ya tsaya. Ya dubi barandar Bayarabiya, ya dubi hawa na uku, ya waiwaya bayansa yana neman mai kiransa. Bai san sunansa da muryata ba. Sai can ya ɗago ya gan ni.

Ya ce, da Hausa, "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Bayarabiya ta leƙo ta koma. Na ɗaga masa key ɗin na ce ya manta abinsa, ya hawo ya ɗauka, ni ba zan iya sauka ba.

Barcina har yau bai dawo daidai ba. Na gaya wa likita gaskiya, an daɗe ana ja kafin a mayar da ni aikin rana, kuma watan farko bayan na daina biron na sha wuyar da ba na so in tuna. Yanzu in na samu awa huɗu ko biyar sai godiya. Bai dawo gidan da zama ba, yana zuwa ran Lahadi ya ci tuwo ya miƙe a kujera. Sunan har yanzu nauyi yake yi mini, sai na shirya kafin in faɗa, kuma ba na faɗa a gaban mutane. Safar kuwa a ranar ya tafi da ita, ya ce ɗayar tana nan a wurinsa.